Jinjina ga 'yan wasan kwaikwayon farko

A Birnin Gwari, lokacin da akwatin talabijin bai wuce gidaje ƙalilan ba, yara kan cika tsakar gidan maƙwabci tun kafin a idar da sallar isha'i. Wani a tabarma, wani a kan turmi, duk muna jiran Samanja. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya fito a matsayin Samanja, tsohon soja ne, shi ya sa Hausar barikinsa ta zauna daram: ya murza gashin baki, ya daka wa kurtu tsawa, dattawa ma sai sun yi dariya. Ga kuma Kasimu Yero na wasan Karambana, wanda kallonsa kaɗai ya isa.

A Amurka har gobe ana begen Gertrude Berg, Bayahudiyar da ta rubuta wasan The Goldbergs da hannunta, ta fito a matsayin uwar gida, daga rediyo a 1929 zuwa talabijin a 1949. Su sun adana nasu. Mu fa? Kasimu ya rasu a 2017, Samanja a 2023. Allah ya jiƙansu. Don Allah NTA Kaduna, a kakkaɓe kaset-kaset ɗin wasanninsu a ɗora su a intanet, jikokinmu su gani.