Hotunan Ɗaliban Ƙanƙara da Mai Koyon Ɗaukar Hoto

Hotunan da duniya ta san Ƙanƙara da su, watau na ɗalibai 344 na Makarantar Sakandaren Kimiyya waɗanda aka sace ran 11 ga Disamba 2020, aka sako bayan kwana 6, kusan zubinsu ɗaya ne: yara a jere, ba takalmi, sun yi futu-futu da ƙura, wasu da bargo a kafaɗa. Ta fuskar gwaninta ba su da makusa. Aibinsu shi ne taro suka ɗauko. Da wuya idon mai kallo ya tsaya kan fuska guda.

Wannan ya shafi ɗalibin sakandare a Faskari ko Sabuwa mai koyon hoto da wayar hannu, domin da kwaikwayo ake fara kowace sana'a. Yau da gobe za ta koya masa juya wa rana baya, da fifita hasken hantsi bisa na tsakar rana mai zuba inuwa cikin kwarmin ido. Matsowa kusa da mutum kuwa sai da sallama da neman izini, abin da cunkoson 'yan jarida a Katsina ran 18 ga watan bai ba da sukuninsa ba.