Kofin da Fumiko Ta Fasa: Tukwanen Shino da Karatsu a Littafin Kawabata

Da yawanmu idan muna karanta Senbazuru, wato Gauraki Dubu, na Yasunari Kawabata wanda ya fito a 1952, mukan tsallake bayanin kayan shayi don mu kai ga labarin soyayya. Kuskure ne. Wanda bai san tukwanen ba, rabin labarin ya wuce shi.

Kikuji saurayi ne da ya gaji kayan shayin mahaifinsa, ya kuma faɗa tarko da Madam Ota, tsohuwar farkar mahaifin nasa. Bayan ta kashe kanta, 'yarta Fumiko ta ba shi tulun ruwa ƙirar Shino, daga baya ta kawo masa ƙaramin kofin da uwar ke shan shayi da shi, wanda bakinsa ke da wani ja kamar tabon jan-baki.

Shino ƙirar yankin Mino ce, a lardin Gifu na yau, tun ƙarshen ƙarni na 16. Ana yi mata farin shafe mai kauri, inda shafen ya yi siriri kuma wuta kan bar ja-ja. An daɗe ana zaton a Seto aka yi ta, sai a 1930 magini Arakawa Toyozo ya tsinci tsingaron Shino a tsohuwar matoya a Mino. Saboda haka jan bakin kofin yana iya zama aikin wuta, yana iya zama sawun leɓen matacciya. Kawabata bai raba mana gardama ba, kuma a nan gwanintarsa take: Kikuji yana kallon tabon yana jin ƙyama da sha'awa lokaci guda.

Karatsu kuwa daga lardin Saga take, a tsibirin Kyushu, inda maginan Koriya suka bar hannunsu. Ƙira ce marar ado sosai, launinta na ƙasa-ƙasa. Irinta ce kofin mahaifin Kikuji. Da aka ajiye kofunan biyu gefe da gefe, sai 'ya'yan suka ga iyayensu zaune tare, ba tare da an ambaci abin kunyar ba. A daren ne Fumiko ta buga kofin uwarta a dutsen wanke hannu na lambu.

Sai dai muna da ƙorafi. Kikuji ya riƙa ganin Madam Ota a jikin tulun Shino, har ya wanke ta daga laifi saboda kyawun tulun. Mace ta koma kayan gado da ke wucewa daga uba zuwa ɗa, kuma marubucin ya fi jinkiri wajen yaba santsin yumɓu fiye da tuhumar wannan gadon. Maginan da suka tono ƙasa suka kwana gaban wuta ma ba su da gurbi. Masu mallaka kaɗai muke gani.

Duk da haka, Kawabata ne ya sa kofin a hannun Fumiko. Kofin ya yi wajen shekara 300 yana yawo daga hannu zuwa hannu, ita kaɗai ta ƙi miƙa shi gaba. Kikuji ya tattara gutsattsarin da safe, ya tafi nemanta bai same ta ba.