Gwanintar Baƙin Allo a Bakin Kogin Haɗeja

Akwai sana'ar da ba ta da rumfa a kasuwar Haɗeja, ba ta kuma da sarki irin na masunta ko mahauta, amma duk wanda ya taɓa biyan kuɗin makaranta ko duba sakamakon jarrabawa ta waya ya ci moriyarta ko bai sani ba. Ita ce kula da sabar, wato kwamfutar da ba ta barci, wadda ke jiran buƙatun wayoyin jama'a dare da rana tana amsawa. A cikin sana'ar akwai wani mataki da nake ganin shi ke raba gwani da ɗan koyo. Mutum ya ɗauko asalin rubutun manhaja, ya gina ta da hannunsa a kan injin da za ta zauna, ya yi ta gwada ta har ransa ya kwanta, sannan ya sake ta ga jama'a.

Jigawa da wannan fanni sa'annin juna ne. Ranar 25 ga Agusta 1991 wani ɗalibi a Finlan, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta abin da daga baya ya zama Linux. Kwana biyu tsakani, ranar 27 ga wata, aka ƙirƙiro jihar. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, tsakanin 1999 da 2007, aka buɗe cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure, lokacin da jihohi da yawa ba su ma fara maganar ba. Kashifu Inuwa Abdullahi, injiniyan sadarwar da ya zama shugaban hukumar NITDA a 2019, ɗan Haɗeja ne. Ga Kwalejin Binyaminu Usman a cikin gari, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013. Matasan da za su iya wannan aiki suna nan, sai dai yawancin ido ya fi zuwa kan mai zana shafi mai ƙyalli, ana mantawa da wanda ke riƙe da shi ta ƙasa.

Apache, manhajar sabar da ta fito a 1995, aikinta na asali miƙa fayil ne ga wanda ya nema. Idan kuwa shafin sai ya yi lissafi, ko ya duba suna a rumbun bayanai, to sai an rubuta masa umarni da wani harshe, Perl ko PHP ko Python, kuma sai an sami tafintan da zai karanta umarnin. A tsohuwar hanya, wadda ake kira CGI, duk buƙatar da ta shigo sai an tayar da tafinta daga farko, ya karanta, ya amsa, a rufe shi, wata ta zo a sake tayar da shi. A 1996 Doug MacEachern ya fito da mod_perl, wanda ya shigar da tafintan Perl cikin jikin Apache, ya zauna a ƙwaƙwalwar inji a shirye. Wannan shi ne modul. Irin hidimar da mod_php ke yi wa PHP ke nan, da mod_wsgi na Graham Dumpleton, wanda ya fito a 2007 domin Python.

A ɗauka wata ƙungiyar manoman shinkafa a Auyo ta buɗe shafin da wakilan ƙauyuka za su riƙa shigar da tsayin ruwa kullum. Kogin Haɗeja yana karɓar abin da aka sako daga madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, ga ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, kuma ba wanda ya manta da ambaliyar 2020 da ta 2022. Da rani ba mai leƙa shafin sai ɗaiɗaiku. Amma ranar da ruwa ya fara hawa cikin Satumba, mutanen Kirikasamma da Guri da Malam Madori duk za su buɗe shi a lokaci guda, kowa hankalinsa a tashe. A irin wannan rana ake sanin bambancin tafintan da ke zaune a shirye da wanda sai an tashe shi sau dubu, kuma a ranar ne ba a so a gano cewa an yi gaggawa wajen haɗa modul ɗin.

Gaskiya ne, yawancin mutane ba sa gina komai. Suna sauke wanda masu Debian ko Ubuntu suka riga suka gina, kuma a mafi yawan lokuta hakan ne daidai. Amma akwai ranar da ba zai yi ba: injin tsoho ne, ko manhajar ofis ɗin ba ta tafiya sai da wani zubi na Perl daban, ko an gyara wata matsala a asalin rubutun amma gyaran bai iso ba tukuna. Apache 2.4 ta fito a 2012, mod_perl bai yi zubin da ke tafiya da ita a hukumance ba sai 2.0.9, a 2015. Waɗanda suka rayu cikin shekarun nan uku sun san darajar iya ginawa.

Abin da za a buga a baƙin allo, wato inda ake rubuta wa inji umarni, bai kai ya kawo ba. Layi huɗu ne: perl Makefile.PL, sai make, sai make test, sai make install. Yaro ma zai haddace su kafin la'asar. Gwanintar tana cikin karanta abin da injin ke faɗa tsakanin layi da layi.

Tun kafin ya kwance ƙunshin da ya sauke, gwani zai lissafa hatiminsa na SHA256 ya kwatanta da wanda masu manhajar suka wallafa, ya duba sa hannunsu na PGP. A inda sadarwa ke yankewa ana tsakiyar saukewa, wannan ba ƙawa ba ne, domin fayil mai giɓi yana iya ɓata wa mutum yini yana neman laifi a inda babu. Daga nan sai layin farko, wanda tambayoyi ne kawai yake yi wa injin. Yana nemo wata 'yar manhaja mai suna apxs ya tambaye ta wane zubin Apache ne a nan, ina fayilolinta suke, da wace hanya take raba aiki. Ɗan koyo yakan bar rubutun ya wuce da gudu. Gwani yana tsayawa ya karanta, don ya san injin na iya ɗauke da Perl biyu, kuma wanda aka kira a wannan layin shi ne zai shiga jikin sabar. Ya kuma san cewa idan Apache tana aiki da tsarin worker ko event, dole Perl ɗin ya zama an gina shi da ikon raba aiki zare-zare, in kuwa prefork ne babu wannan sharaɗi. Duk manomin fadama ya san idan bakin tiyo bai yi daidai da bakin injin ban-ruwa ba, komai ƙarfin injin ruwa a ƙasa zai zube, kuma ɗaure shi da roba ba ya kai mutum ƙarshen rani. Haka modul yake da sabar. Apache ma tana da wata lamba da take dubawa, idan an gina modul domin wani zubi daban sai ta ƙi karɓarsa sam.

Sai make, dabarar da Stuart Feldman ya ƙirƙira tun 1976 kuma har yau ba ta tsufa ba. Ita ke kiran GCC ta juya rubutun harshen C zuwa abin da inji ke fahimta, har a sami fayil guda, mod_perl.so. Idan ginin ya tsaya, allo yakan cika da kuka, kuma idon ɗan koyo yana sauka ne a layin ƙarshe. Gwani yana hawa sama ya nemo kuskure na farko, domin sauran duk 'ya'yansa ne.

Matakin da ya fi burge ni shi ne na uku, kuma shi ne wanda masu gaggawa suka fi tsallakewa. Da an buga make test, tsarin gwajin zai tayar da wata Apache ta wucin gadi a gefe, a ƙofa mai lamba 8529, ba tare da ya taɓa wadda jama'a ke shiga ta ƙofa 80 ko 443 ba. Sai ya fara jefa mata tambayoyi daga fayilolin gwaji sama da 200, tambayoyi fiye da 2,000, kowace da amsar da ake sa ran ji. Wasu su wuce, wasu su faɗi, wasu a tsallake su. Wanda bai goge ba yana murna idan bai ga faɗuwa ba. Wanda ya goge yana komawa kan waɗanda aka tsallake ya ga dalili, domin gwajin da aka tsallake saboda babu wata manhaja a injin bai ba da shaidar komai ba, kuma wataƙila daidai abin da shafin manoman zai dogara da shi ke nan.

Idan gwaji ya faɗi, ba ya sake gina komai daga tushe da fatan sa'a. Yana ware wannan gwajin shi kaɗai, ya sake gudanar da shi da t/TEST ya sa shi ya faɗi duk abin da ya aika da abin da ya samu, sannan ya buɗe littafin kurakurai da ke t/logs/error_log ya karanta abin da sabar ta ce a daidai wannan daƙiƙa. Sau da yawa laifin ba na modul ba ne. Mutum ya gina a matsayin root, babban mai izini, a cikin ɗakin ajiyarsa, alhali Apache takan sauke wannan matsayi ta koma ƙaramin mai amfani wanda ba shi da ikon shiga wurin. Ko wata tsohuwar sabar gwaji ta maƙale ta riƙe ƙofar. Rarrabe laifin manhaja da laifin muhalli shi ne rabin sana'ar. In kuwa ya tabbata laifin na manhajar ne, akwai t/REPORT da ke tattara bayanan injin a aika wa masu kula da ita, kuma rahoton da ya fito daga Haɗeja nauyinsa ɗaya da wanda ya fito daga Jamus muddin an rubuta shi da kyau.

Akwai kuma gwajin da ba wanda zai rubuta mana sai mu. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, kowannensu bayit biyu yake ci a tsarin UTF-8. Idan tafinta da rumbun bayanai da sabar ba su yi ittifaƙi a kan tsari ɗaya ba, sai Haɗeja ta fito a allo a matsayin HaÉ—eja, kuma mai neman sunan ƙauyensa ba zai same shi ba. Ma'aikacin kirki yana shigar da irin waɗannan sunaye da gangan ya ga yadda za su dawo. Yana kuma tuna cewa zaman da tafinta ke yi a ƙwaƙwalwa yana da haɗarinsa: abin da aka ajiye a buƙatar farko yana iya kwana ya bayyana a ta biyu, bayanin wani ya faɗa hannun wani. Don haka yakan shiga da sunaye daban-daban a jere, sannan ya sa manhajar ab ta yi wa sabar ruwan buƙatu, yana kallon yadda ƙwaƙwalwar ke cika.

Irin wannan ido ne ya ceci duniya a Maris 2024. Andres Freund, injiniya Bajamushe, ya lura shiga injinsa ta SSH ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, bai kau da kai ba. Da ya bi sawu sai ya tarar an dasa ƙofar ɓoye a manhajar xz, zubi na 5.6.0 da 5.6.1. An ɓoye mugun abin ne a cikin fayilolin gwaji, aka sa umarnin gini ya fito da shi, kuma wanda ya yi aika-aikar yana cikin masu kula da manhajar, don haka sa hannun ma sahihi ne. Hatimi bai kama shi ba, mutumin da ya saba da yadda injinsa ke numfashi ne ya kama shi.

Sai bayan duk wannan ake make install, a ƙara layin LoadModule a tsarin Apache, a sa apachectl ta duba tsarin kafin a sake tayar da ita. Nan ma aikin bai ƙare ba, domin wanda ya gina da hannunsa ya ɗauki nauyin da masu Debian ke ɗaukar wa wasu. A Oktoba 2021 aka gano wata kafa a Apache 2.4.49 da ke ba baƙo damar karanta fayilolin da ba nasa ba. Gyaran 2.4.50 bai toshe ta duka ba, sai da aka fito da 2.4.51 cikin 'yan kwanaki. Wanda ya gina wannan zubin da kansa ba wanda zai turo masa gyara, shi zai ji labari, ya sake ginawa, ya sake gwadawa, sau biyu a mako guda. Shi ya sa nake girmama wanda ke ajiye littafi yana rubuta zubin da ya gina, da zaɓin da ya yi, da gwajin da ya faɗi da dalilinsa, don ranar da aka yi masa canjin wurin aiki wanda ya gaje shi ya san inda zai kama.

Yau shafuka da yawa sun koma Nginx, wadda Igor Sysoev ya fitar a 2004, inda tafinta ke zaune a waje ana miƙa masa aiki. Amma ita ma ana gina ta, ana ƙara mata modul, kuma hannun da ya koyi karanta kuskure na farko a mod_perl ba zai yi baƙunta a can ba. Koyon kuma ba shi da tsada. Ƙunshin mod_perl bai kai megabayit 5 ba, da zarar an sauke shi da kayan gini sauran aikin ba ya cin data, tunda sabar gwajin a cikin injin take. Tsohuwar kwamfutar cinya mai Linux da batirin sola sun isa malami a Haɗeja ko Kafin Hausa ya zaunar da ɗalibansa, ya lalata wani abu a tsarin da gangan, ya ce su nemo masa a littafin kurakurai.