Asalin murjani a bangon Holkham

A lardin Norfolk da ke gabashin Ingila akwai wani katafaren gida a tsakiyar gonaki, Holkham Hall. Thomas Coke ya kafa tubalinsa a 1734, ya rasu bai ga ƙarshensa ba, sai matarsa ce ta kammala shi a 1764. Cikin zane-zanen da ke rataye a gidan akwai wanda Claude Lorrain ya yi a Rum a 1674, lokacin ya riga ya tsufa.

Labarin da ke cikin zanen tatsuniyar Girkawa ce, yadda mawaƙi Ovid ya kawo ta. Perseus ya sare kan Medusa, dodanniyar da duk wanda ya haɗa ido da ita yake zama dutse. Da ya zo bakin teku zai wanke hannu, sai ya shimfiɗa ciyawar ruwa ya ɗora kan a kai. Nan take ciyawar ta ƙame. Wai daga nan murjani ya samo asali, wannan dai da iyayenmu mata ke ji da shi a wuya.

Wani mai zanen da jini zai cika allon. Claude kuwa ya mai da mutanen ƙanana, ya bar teku da wani ƙaton dutse mai ɓule kamar ƙofar gari su ci wurin. An ce da kansa yakan ce fili yake sayarwa, mutanen ciki gyara ne. Gaskiyarsa, don hannunsa bai faɗa sosai kan siffar ɗan Adam ba. Gwanintarsa tana cikin iska.

To, ta yaya ake zana iska? Ana niƙa garin launi a kwaɓa da mai, na linzid ko na gyaɗar turawa. Mai ba ya bushewa da wuri, don haka mai zane na da damar murza launi cikin launi har bakin gaɓar ya ɓace. Idan shafin farko ya bushe, sai a ƙara wani siriri wanda ido ke ratsawa, a jira kwanaki, a sake. Haske ya huda waɗannan shafe-shafen, ya bugi na ƙasa, ya dawo. Shi ya sa sararin ke kama da mai fitila a ciki. Shuɗi mafi tsada a lokacin daga dutsen lazuli na Badakshan a Afganistan ake niƙo shi.

Sai nisa. Abin da ke kusa ya ba shi duhu da kauri, na nesa ya yi ta rage masa ƙarfi yana ƙara fari da shuɗi, kamar yadda tsauni ke dusashewa da safiyar hunturu. Babu layin da ya ce ga inda ruwa ya ƙare sama ta fara. Abokinsa Sandrart ya rubuta cewa Claude kan fita jeji tun kafin asuba, ya wuni yana kallon yadda haske ke sauyawa, ya haɗa launinsa a can ya koma gida da shi.

Masu kwaikwayo sun dame shi tun yana raye, har ya buɗe kundi yana sake zana kowane aiki da alƙalami, yana rubuta sunan wanda ya saya a bayan takardar. Kundin, mai zane kusan 200, ya daɗe a Chatsworth, wani gidan karkarar, kafin ya koma gidan tarihi na Birtaniya a 1957.