A'isha Falatiya: Muryar da Muke Taƙama da Ita Ba Mu Saurara Ba

A wayar wani abokina da ya yi karatu a Khartoum na fara jin A'isha Falatiya. Tsohon faifai ne, ƙarar allura na bin muryar, amma kowane harafi yana fita tas. Da waƙar ta ƙare sai ya ce mini, "Ai tamu ce, jinin Sakkwato ce." Maganar nan tasa ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin ina ganin mun fi son taƙama da baiwar Allahn nan a kan sauraren ta.

Sunanta na yanka A'isha Musa Ahmad. An haife ta a Kasala a 1905, ta rasu a Omdurman a 1974. Iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka taso da niyyar aikin Hajji, suka yada zango a Sudan, zango ya zama gida. Mahaifinta malami ne mai makarantar allo a Omdurman, a gabansa ta yi karatun Alƙur'ani. Laƙabin Falatiya kuwa daga Fallata ya fito, sunan da mutanen Sudan ke kiran Hausawa da Fulani da sauran 'yan yamma, kuma sau da yawa da raini ake faɗinsa.

Abin da ya fi kama ni a waƙarta shi ne ladabin furuci. Tana jan numfashi yadda mai tilawa ke ja, ba ta cinye ƙarshen kalma, ba ta yin ihu don ta burge. Wanda ya zauna a makarantar allo zai gane inda ta samo wannan. Ga kuma abin mamaki: makarantar da ta gyara mata murya, mai ita ne ya fi kowa ƙin sana'ar, har ya aurar da ita don ta bari. Auren ya mutu, waƙa ta ci gaba.

Daga gidajen biki ta fara, da irin waƙoƙin 'yan mata da manyan mawaƙa maza ke ganin ba su kai a kira su fasaha ba. A 1942 ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Omdurman, ƙanwarta Jidawiyya na kaɗa mata udu. Wasu mawaƙa maza suka ƙaurace wa gidan rediyon saboda haka. Ba ta janye ba, har ƙofar ta buɗe wa na bayanta.

To, amma sharhi ba kirari ba ne. Yawancin waƙoƙinta na soyayya maza ne suka rubuta baitocin. Muryar ta mace ce, idon da ke kallon mace a ciki na namiji ne. A nan Barmani Choge ta Funtuwa ta fi ta 'yanci: da ƙwaryar amada ta yi wa mata magana a kan sana'a da kishiya da zaman aure, da bakinsu na cikin gida. A'isha ta samu rediyo, Barmani ta riƙe kalmominta. Kowacce akwai abin da ta biya.

Shi ya sa "tamu ce" ba ta gamsar da ni. Da Larabci ta yi suna, mutanen Omdurman ta yi wa waƙa, a cikinsu ta sha gori. Mu da muke ƙirga ta a dangi, mu tambayi kanmu: da a Kano ta tashi, 'yar malami, ta ce sai waƙa, da me za mu kira ta? Amsar tana nan a irin sunayen da muke laƙaba wa 'yan matan da ke waƙa a finafinanmu yau.

Akwai kuma abin da ba ya jira. Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, dakarun RSF sun mamaye ginin rediyo da talabijin na Omdurman, sai a Maris 2024 sojoji suka karɓe shi. A ginin nan aka adana muryoyin mawaƙan ƙasar na shekaru masu yawa. Duk wanda ke da faifanta ko kaset a Kano ko Maraɗi, ya fito da shi a kwafa. Idan da gaske tamu ce, nan ne zumuncin zai fara.