Hoton Concorde a Kan Kuɗin Singafo: Tarihi ko Kirari?

Manazarta al'adu sukan ɗauki hoton da ke kan kuɗi a matsayin shaidar tarihi. Wannan ɗan nazari zai gwada wannan ra'ayi da misali guda, wato takardar dala 20 da ƙasar Singafo ta fitar a 1979. A bayan takardar an zana filin jirgin saman Changi tare da Concorde, jirgin fasinja mai gudun da ya ninka na sauti, wanda Ingila da Faransa suka haɗa gwiwa suka ƙera.

Zaɓen wannan jirgi yana da dalili. A Disambar 1977 kamfanin jiragen Singafo da British Airways suka fara jigila da Concorde daga Landan zuwa Singafo ta Baharain. Gefen hagu na jirgin yana ɗauke da tambarin Singafo, na dama kuwa da na British Airways. Bayan sawu uku kacal aka dakata, saboda Maleshiya ta hana shi ratsa samaniyarta. Aka koma a Janairun 1979, aka daina baki ɗaya a Nuwamban 1980, domin cinikin bai biya ba.

Sai dai ba a buɗe filin Changi ba sai a Yulin 1981, kuma a tsohon filin Paya Lebar jirgin yake sauka duk tsawon wannan jigila. Ke nan mai zanen ya haɗa filin da ba a gama ginawa ba da jigilar da za ta mutu kafin a buɗe shi.

Ba za a ce mai zanen ya yi ƙarya ba. Aikinsa irin na maroƙi ne, wanda kan yabi ubangidansa da abin da ake fata ya zama. Tsinin hancin jirgin da siririn jikinsa sun isar da saƙon gaggawa da ci gaba ga duk wanda ya riƙi takardar, alhali kaɗan ne daga cikinsu za su iya biyan kuɗin kujerarsa. Abin da zanen ya yi shiru a kai shi ne ƙarar da ta sa maƙwabta ƙorafi, da asarar da aka tafka.

Hasashen ya ci rabi: Changi ya zama ɗaya daga manyan filayen jirgin sama na duniya, Concorde kuwa ya daina tashi a 2003. Don haka wajibi ne mai nazari ya karanta irin wannan hoto yadda yake karanta kirari, ya fara da tambayar wa ake yabo, da kuma abin da aka ƙi ambata.