Dattijon da Ke Karanta Bayan Agogon Jirgi

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Zariya ya san kukan ƙananan jiragen nan da ke tasowa daga Palladan, inda kwalejin koyon tuƙin jirgin sama take tun 1964. Muna yara mukan ɗaga kai mu yi ta yi musu ihu har su ɓace ta bayan ganuwa. Ban taɓa tunanin abin da ke gaban matuƙin ba, sai ranar da na yi sallama a zauren wani dattijo kusa da Ƙofar Doka, tsohon makanikin jirgi, na tarar da baƙaƙen agoguna jere a kan tabarma, babu ko ɗaya mai nuna lokaci.

Na ɗauki ɗaya ina kallon allurarsa. Ya ce, "Ɗana, juya shi. Fuska ta matuƙi ce, mu baya muke karantawa."

A bayan akwai ɗan tambarin kambi da haruffa biyu, A.M., sai lamba mai farawa da 6A. Ya goge ƙura da bakin rigarsa, ya warware mini. Haruffan na Ma'aikatar Jiragen Sama ta Ingila ne, wadda ta yi aiki daga 1918 zuwa 1964, 6A kuwa rukunin agogunan jirgi ne a rajistar kayan sojojin samansu. Kayan Amurka sau da yawa AN za ka gani, alamar sojan ƙasa da na ruwa sun yi tarayya a kansu. Na Jamus lambarsu kan fara da Fl. Kafin ya duba sunan kamfani ya riga ya faɗi ƙasar.

Daga nan sai ya koma ga ma'auni. Bature ɗan Ingila da ƙafa yake auna nisan jirgi daga ƙasa, ɗan Rasha kuwa da mita, gudu kuma da kilomita. Saboda haka agogo mai rubutun Rasha ba baƙo ba ne a ƙasar nan, domin a yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, sojojin saman Najeriya sun tashi MiG-17 na Tarayyar Sobiyat, ga kuma L-29 na Cekoslobakiya. Na Ingila hanyarsu ta girmi wannan. Tun 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano. A yaƙin Hitila kuma, daga Satumba 1940, akan kawo jirage cikin akwatuna zuwa Takoradi a Gana ta yau, a haɗa su, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri, su ratsa Cadi da Sudan har Alƙahira. Fiye da 5,000 suka bi wannan hanya.

Abin da ya fi burge ni shi ne Baba ba ya ƙara gishiri. Na ce, "Baba, ashe wannan daga jirgin yaƙin Hitila ya fito?" Ya girgiza kai. Agogo iri ɗaya, in ji shi, an ɗaura shi a jirage iri-iri, wani ma bai taɓa barin sito ba. Lamba tana faɗin ƙasa da zamani, amma ba ta rantsuwa a kan jirgin da ya ɗauke ta. Mai neman riba zai ce maka na jirgin yaƙin Hurricane ne. Shi iyakar abin da ƙarfen ya faɗa yake faɗi, kuma a ganina nan gwanintar take.

Ya nuna mini yadda mai auna nisa yake aiki: wani ɗan gwangwani ne siriri a ciki, a like. Jirgi na hawa, nauyin iska na raguwa, gwangwanin na kumbura yana tura allura. Ba batir, ba waya.

Da na sa farce a gefen gilashin wani, sai ya riƙe hannuna. Lambobin fuskarsa sun rine sun koma ruwan ƙasa. Fentin radiyam ne, wanda ake shafawa don matuƙi ya gani cikin duhu. Hasken ya mutu tuntuni, amma gubar tana nan, sai ta shekara kusan 1,600 kafin ƙarfinta ya ragu da rabi. Irin wannan ba a buɗe shi, ba a ajiye shi a ɗakin kwana, mai fasasshen gilashi kuwa ko taɓawa ba ya yi da hannu tsirara.

Yawancin kayan a hannun 'yan gwangwan ya tsinto su, wasu har Panteka ta Kaduna ya bi su. A can kilo ake sani: tagulla gefe guda, alminiyam gefe guda, gobe a narke a zuba tukunya. Abin yana yi mini ciwo, ko da yake ban ga laifin mai neman abincinsa ba.

Akwai wani ɗan makunni da ya shekara yana juyawa, tsatsa ta cinye rabin lambarsa. Ya kwafe abin da ya saura a littafinsa, ya bar gurbin sunan fari. Da aka kira la'asar ya naɗe shi a tsumma daban, ya miƙo mini buta ya ce in wanke hannu tukuna da sabulu.